Rumbun Ranar Wahala

A dajin Tsaunin Gora kowace halitta ta san inda za ta kwana, in dai tana da farce ko haure. Masu ƙarfi su ne masu gidaje, marasa ƙarfi su ne 'yan haya, kuma an daɗe a haka har ba mai tuna wanda ya tsara. Shaho yana ba ƙananan tsuntsaye hayar rassan gawo, kuma an shaide shi bai taɓa korar ɗan haya ba. Su 'yan hayar ne dai suke da wata ɗabi'a ta ɓacewa ba sallama. Dila yana da ramuka a bakin rafi, haya da arha a watan farko. Ba a cika samun mai ba da labarin wata na biyu ba.

Wata shekara da damina ta yi kyau, zukatan manya suka yi laushi, sai Majalisar Manyan Dawa ta keɓe wata tsohuwar kuka mai koguna da yawa, ta ce wannan ta marasa ƙarfi ce. Aka sa mata suna Kukar Rahama, aka kafa Hukumar Gidajen Marasa Ƙarfi ta riƙa kula da ita. A faɗi gaskiya, babu gida irinta a dajin. Kogunanta suna yoyo da damina, suna zafi da bazara, amma wanda ya kwanta a ciki yakan tashi da safe da gaɓoɓinsa cif, kuma a Tsaunin Gora wannan ba ƙaramar alfarma ba ce.

Shugaban Hukumar wani gauraka ne mai suna Tunau, dogo, mai tukku ruwan zinariya da murya mai daɗin sauraro. Bai taɓa kwana a kogon itace ba, don jikinsa ba zai shiga ba, gidansa yana can fadama. Aka ce wannan ne ma zai sa ya dubi matsalar 'yan haya ba tare da son zuciya ba. Ma'ajin Hukumar kuwa wani burgu ne, Cindo, wanda shi ne babban dillalin hatsi a kasuwar Gindin Dutse. Da aka naɗa shi wasu sun yi gunaguni, sai aka tambaye su ko sun san wani da ya fi shi sanin hatsi. Ba su sani ba.

Da hatsi ake biyan haya, duk tsayuwar wata. Wani kaso yakan tafi gyaran kuka, kuma lalle yakan tafi. Sauran a zuba shi a babban kogon da ke gindin kukar, a liƙe ƙofar da laka. Wannan shi ne Rumbun Ranar Wahala. Kowace kaka Tunau yakan tsaya a gabansa ya tuna wa jama'a cewa abin da ke ciki nasu ne, Hukuma riƙo kawai take yi musu.

A reshen gabas akwai wata kurciya mai suna Lanti, da mijinta Arzika, da 'yan tsakinsu biyu, Kyauta da Dela. Sana'arsu tsintar auduga da busasshiyar ciyawa, su kai kasuwa, masu gina sheƙa su saya, a ba su gero. Ba su taɓa yin arziki ba, ba su kuma taɓa makara da haya ba.

A shekarar da ake magana, fara ta sauka a gonakin arewa. Ɓarnar da ta yi ba ta kai yadda aka yi ta faɗa ba, amma kafin ruwan farko gero ya ɓace daga kasuwa kamar an share. Ƙunshin ciyawar da a da yake kawo abincin yini har da ɗan abin haya, ya koma ba ya kawo na karin kumallo. Wata safiya Arzika ya ce zai ƙetare rafi ya leƙa gonakin mutane, zai dawo kafin rana ta yi zafi. Lanti ta ce masa can ana ɗana danƙo. Ya ce ya sani, ya dubi 'ya'yan, ya tashi. Washegari wata hasbiya ta zo ta tsaya a bakin kogon, ta daɗe tana gyara tsayuwa kafin ta ce ta ga gashinsa a jikin wani kara.

A cikin saiwoyin kukar akwai wani kurege, Nomau, mai yawan magana da saurin fushi. Shi ya bi koguna ɗaya bayan ɗaya yana tara 'yan haya, har Hukuma ta ga ya fi sauƙi ta kira taro da kanta kafin a kira ba da ita ba.

Aka taru da hantsi a gindin kukar. Tunau ya hau kan wata saiwa, ya gyara tukkunsa.

"Ya ku mazauna Kukar Rahama," in ji shi, "ban ce 'yan haya ba, domin a wurinmu ku iyali ne. Kukanku ya iso mana. Jiya a fadama aka kawo mini abinci, na dube shi, na tuna da ku, sai da na daɗe kafin na ci. Hukuma ba ta barci. Hukuma tana tare da ku a wannan tsada. Mun zauna, mun yi nazari, mun fito da wani shiri da ba a taɓa yin irinsa a dajin nan ba. Mun sa masa suna Shirin Riƙe Hannun Ɗan Haya."

Aku, mai magana da yawun Hukuma, ya yi ta maimaita sunan har kowa ya haddace.

Nomau ya miƙe. "Ranka ya daɗe, mun gode da riƙe hannu, ko da yake yawancinmu fiffike gare su. Ciwon namu a ciki yake. Abu biyu muke roƙo. A ɗaga mana haya zuwa kaka, a kuma buɗe rumbun nan. Kai da bakinka kake ce mana na ranar wahala ne."

Aka yi guna-gunin amincewa. Tunau ya dubi Cindo, Cindo ya taso a hankali, don jikinsa ba na gaggawa ba ne.

"Ranka ya daɗe, 'yan uwa, ni ɗan kasuwa ne, ban iya dogon zance ba. In aka ɗaga haya, da me za a gyara muku kuka? In aka buɗe rumbu yau, hatsi ya cika gari, farashi ya faɗi, mai noma ya yi asara, baɗi ya ƙi noma, yunwar baɗi ta fi ta bana. Kun ga ke nan mai son ku da gaskiya shi ne wanda ya hana ku. Sannan wa ya ce yau ce ranar wahalar? In muka cinye yau, gobe ta zo ta fi yau tsanani fa? Wa zai ɗauki alhaki?"

Ba wanda ya zo taron da shirin ɗaukar alhaki. Tunau ya ce tambayar ma'aji tana da nauyi, kuma abu mai nauyi ba a yanke shi a tsaye. Nan take ya kafa Kwamitin Tantance Ranar Wahala, ya ba wata hawainiya mai suna Tsahare shugabancinsa. An san Tsahare da rashin gaggawa, kuma ba a taɓa jin ta saɓa wa wanda take tsaye kusa da shi ba.

Shirin ya fara da lacca. Aka ce duk mai son tallafi sai ya halarta, saboda tallafi ba ilimi ɓarna ne. Lanti ta bar 'ya'yanta ta sauko, ta rasa cinikin ranar. Mai laccar wata ƙwararriya ce da aka ɗauko daga nesa da tsada, wata mesa da ake kira Farfesa Gambo. Ta naɗe jikinta a inuwa, ta ɗaga kai ta dubi masu sauraro ɗaya bayan ɗaya da kulawa ta musamman.

"Matsalarku ba tsada ba ce," in ji ta, "ɗabi'a ce. An saba muku da ci kullum. Wa ya ce dole sai an ci kullum? Ni nan da kuke gani, sau ɗaya nake ci a wata, wani watan ma in tsallake. Kun ga alamar rama a jikina?"

Ba su gani ba.

"Sirrin shi ne tsari. Ka natsu, ka rage zirga-zirga, ka bar abinci ya zo inda kake."

Wani ƙadangare da ke zaune a reshen kudu ya ɗaga kai. "Farfesa, to wane irin abinci ne yake riƙe ciki har wata guda?"

Farfesa ta ce wannan tambaya ce mai kyau, ya tsaya bayan an tashi ta yi masa bayani su biyu. Da alama bayanin ya gamsar da shi, domin bai sake tambayar kowa komai ba. Kogonsa ya zama ba kowa, aka ba wani iyali da suka daɗe suna jira, Aku kuma ya bi daji yana shelar cewa Hukuma ta samar da sabon gida a tsakiyar tsada.

Bayan lacca aka raba tallafin. Kowa ya sami ƙunshin ganye, an ɗaure shi da kyau sosai. A ciki ƙaiƙayi ne, da 'yan ƙwayoyin gero da suka ɓuya a tsakani, waɗanda da alama ba da sanin ma'aji suka shiga ba. Lanti ta zauna ta tsince su ta raba wa Kyauta da Dela, ita ta haɗiyi ƙaiƙayin.

Aka kuma buɗe Ɗakin Sauraro, wani kogo da duk mai damuwa zai je ya faɗi abin da ke ransa. Aka sa mujiya ta kula da shi, aka ce a buɗe yake daga hantsi zuwa la'asar. Lanti ta je sau ɗaya. Ta faɗi komai, tun daga safiyar da Arzika ya tashi har zuwa yadda Dela ta fara rage kuka. Mujiyar ba ta katse ta ba ko kaɗan, idanunta a rufe saboda zurfin tunani. Lanti ta fito da ɗan sauƙi a ranta, ta koma ta tarar da 'ya'yanta da baki a buɗe kamar yadda ta bar su.

Damina ta yi nisa kafin Tsahare ta iso reshen gabas, domin kowane taki sai ta yi shawara da ƙafarta. Cindo ya raka ta, amma ya tsaya a ƙasa.

"Sannu, Lanti. Ya haƙuri?"

"Da godiya, ranki ya daɗe."

"Kina jin yunwa?"

"Ina ji."

"Irin wadda ake jurewa, ko irin wadda ba a jurewa?"

"Ni ina jurewa. Dela ce ba ta iyawa. Dube ta, ko kai ba ta ɗagawa."

Tsahare ta juya ido ɗaya wajen Dela, ɗayan ta bar shi a ƙasa inda Cindo yake. "Allah ya ba ta lafiya. Sai dai aikinmu na masu biyan haya ne, ita ba ta kai ba tukuna. Ke dai kin ce kina jurewa ko?"

"Na ce."

"Madalla. Irinku ake so."

Ba da daɗewa ba Aku ya kawo sakamakon farko. Kwamiti ya gano cewa lalle akwai matsi, amma matsi daban, wahala daban. Hujjar kuwa a fili take: duk kogon da kwamiti ya leƙa, an yi masa ƙorafi da babbar murya. Wanda wahala ta kama da gaske ba ya da ƙarfin surutu irin wannan. Don haka rumbu zai ci gaba da zama a rufe, don amfanin masu shi.

Marka ta kama. Ciyawa ta jiƙe, ba mai sayen jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wata rana Lanti ta yini a kasuwa da ƙunshinta, ta dawo da shi kamar yadda ta tafi da shi. Tun daga bakin kogo Kyauta ta ce, "Inna, Dela ta ƙi tashi. Na yi ta taɓa ta."

Lanti ta ajiye ƙunshin. Ta shiga ta rufe Dela da fiffike kamar yadda take yi in ana sanyi, ta zauna a haka har Kyauta ta fara kuka. Nomau ne ya haƙa wa Dela kabari a tsakanin saiwoyi, kusa da ƙofarsa.

Tunau ya zo ta'aziyya da kansa. Ya tsaya a ƙasa, ya miƙa dogon wuyansa har bakin kogon, ya yi addu'a, kuma waɗanda suke kusa sun ce hawayen da ya zubar na gaske ne. Da ya tafi, Cindo ya tsaya.

"Lanti, Allah ya ba da haƙuri. Akwai wata 'yar magana, ba ni na kafa dokar ba. Kogon nan na babban iyali ne. Da kuna da yawa, yanzu daga ke sai yarinya. Akwai masu jira a waje, kin sani. Ko dai ki riƙa ƙara wani abu a kan haya saboda sararin da ya yi saura, ko a mayar da ke ɗan ƙaramin nan na can ƙoli."

"Wanda shaho yake kewayawa?"

"Yana da iska. Amma Hukuma ta yi miki sassauci, ba yanzu ba. Sai an share makoki."

Lanti ta dubi sararin da ya yi saura. Bai fi faɗin ganyen kuka ba, kuma har yanzu akwai ɗan gashin Dela a wurin. Ta ce ta ji.

Taro na biyu ya zo a tsakiyar marka. Waɗanda suka iya saukowa ba su da yawa, su ma jingina suka yi da saiwoyi. Tunau ya yi jawabi a kan nasarorin Shirin, sannan ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Aka yi shiru. Nomau ya buɗe baki, tari ya fito. Tunau ya jira cikin ladabi har tarin ya lafa, sannan ya ba Tsahare dama.

"Ranka ya daɗe," in ji Tsahare, "kwamiti ya kammala aikinsa. Tun da watan nan ya kama ba mu ji ƙorafi ko ɗaya ba. Ɗakin Sauraro har gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofarsa. Kai ma yanzu ka tambaya, ka ji amsar da aka ba ka. Saboda haka kwamiti ya tabbatar cewa matsin ya wuce ba tare da ya kai wahala ba. Da mun bi masu gaggawa mun buɗe rumbu, da yanzu mun yi asara a banza. Muna ba da shawara a ci gaba da ajiya."

Aku ya fara share murya don ya yi shela. Sai Lanti ta tako gaba. Ba ta taɓa magana a taro ba, har wasu ba su san muryarta ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba ƙorafi na zo yi ba. Da muna magana an ce ba mu wahala ba. Yanzu mun yi shiru an ce ta wuce. Na rasa lokacin da ya kamata a ce ta same mu. Arzika ya tafi, Dela ta tafi, an ce gidana ya yi mini yawa. Saura Kyauta. Ba na son gidan ya ƙara faɗi."

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta taka zuwa ƙofar rumbun, ta sa baki ta fara saran laka.

Bakin kurciya ba abin sara ba ne. An ji dai ɗan ƙwas-ƙwas, ba abin da ya motsa. Tunau ya ce da taushi, "A bar ta, baƙin ciki ne." Aka bar ta. Ta ci gaba har jini ya fara fitowa a gefen bakinta, ba ta ɗaga kai ba. Can wata gwara ta sauko ta tsaya kusa da ita, ita ma ta fara. Hasbiyar nan da ta kawo labarin Arzika ta bi. Nomau ya ja jiki ya zo ya sa farce a ƙasan ƙofar, inda ruwan marka ya riga ya jiƙa lakar, ya fara tono kamar bai yi kwanaki ba ci ba.

A nan ne aka ga Cindo yana gudu, abin da ko tsofaffin kukar ba su taɓa gani ba. Yana cewa a tsaya, wannan dukiyar jama'a ce, a bi doka. Kafin ya iso, lakar ta tsage daga ƙasa zuwa sama, ƙofar ta rufto.

Hatsi ya kwararo har ya binne Nomau zuwa wuya, bai kuma daina zuba ba. Ya fi duk hayar da aka taɓa biya tun kafa Hukuma. Akwai gero, akwai maiwa, har da jar dawa, wadda ba a taɓa biyan haya da ita a kukar ba. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Hatsin da ya ɓace daga kasuwar Gindin Dutse bai je ko'ina ba. Cindo ya samo masa wurin ajiya mafi aminci a dajin, wanda doka ta hana a buɗe, masu yunwa kuma suna kwana a kansa suna gadi kyauta.

Ba wanda ya tsaya zagi, ba ƙarfin yin haka. Aka faɗa wa hatsin. Waɗanda suka kasa saukowa taro suka ji ƙamshi suka sauko. Lanti ta cika bakinta har maƙogwaro, ba ta haɗiye ba, ta tashi sama wajen Kyauta.

Tunau ya ɗan jima a tsaye da ƙafa ɗaya yana kallo. Sannan ya sauke ɗayar, ya taka a hankali ya hau kan tsibin hatsin, ya buɗe fikafikansa.

"Ya ku iyalin Kukar Rahama, a madadin Hukuma, ina farin cikin ƙaddamar da mataki na ƙarshe na Shirin Riƙe Hannun Ɗan Haya. Mun yi muku alkawari rumbun nan naku ne. Ga shi yau kun gani da idonku. Ku ci, kada kowa ya ji kunya."

Ba wanda yake jin kunya. Tsahare, wadda jikinta ya riga ya koma kalar jar dawa, ta ce yanzun nan kwamiti ya ga wasu sababbin alamu, kuma bisa ga dukkan ƙa'idoji, yau ce Ranar Wahala.

Kafin mako ya zagayo farashi ya faɗi a kasuwa, labari ya cika daji. Majalisar Manyan Dawa ta yaba wa hangen nesan Tunau, ta ƙara masa kula da duk kukokin yankin. Cindo ya kai kuka cewa hatsin da ya ba Hukuma aro saboda tausayi an raba shi ba a tambaye shi ba. Majalisa ta ga bai kamata mai tausayi ya yi asara ba, don kada wasu su daina tausayi, sai ta yanke a biya shi sannu a hankali ta hanyar ɗan ƙari a kan haya. Aka yi wa rumbun sabuwar ƙofa, ta dutse.

Saura maganar tsohuwar ƙofar, domin dukiyar jama'a ba ta lalacewa a ce ba wanda ya yi. Ba a iya taɓa Lanti ba, saboda Aku ya riga ya bi daji da labarinta a matsayin matar da mijinta ya rasu, Shirin ya cece ta. Har an yafe mata ƙarin hayar sararin nan na bana. Amma a jikin ɓaraguzan lakar akwai sawun farce, kuma kowa ya san kurciya ba ta tono. Aka ce Nomau ya bar kukar.

Lanti ta raka Nomau har inda inuwar kukar ta ƙare. Kayansa ba su da yawa.

"Ni na fara, Nomau," in ji ta. "Zan je in faɗa musu."

"Sun sani, Maman Kyauta. Suna wurin. In kin je kin faɗa, sai su rasa yadda za su yi da ke, su kore mu tare. Wa zai riƙe yarinya?"

"Ina za ka?"

"Dila ya ce yana da rami. Wai watan farko da sauƙi." Ya yi 'yar dariya. "Ni ma ai ina da farce. Ba zan kai wata na biyu a can ba, zan haƙa nawa a wani wuri. Ke fa, za ki zauna?"

"In je ina?"

Ya gyaɗa kai. Ya roƙe ta ta riƙa leƙa kabarin Dela, kada sababbin da za su shiga raminsa su tone wurin ba da sani ba. Sannan ya shiga ciyawa.

Da ta juyo, sai ta ga layi. An ji cewa rami ya samu a Kukar Rahama, masu nema sun taso daga ko'ina, daga rassan gawo, daga bakin rafi, layin ya miƙe har ya ɓace a bayan dutse. Kowa yana yabon Hukuma da ƙarfi yadda za a ji. Ba kuma ƙarya suke yi ba, don inda suka fito ya fi nan muni.

Wasu kanari, miji da mata, da ganin su sabon aure ne, suka tare ta. Matar ta rusuna.

"Sannu, Inna. A nan kike zaune?"

"A nan nake."

"Don Allah gaskiya ne abin da ake faɗa? Wai a nan in tsada ta yi tsanani, ana buɗe wa 'yan haya rumbu su ci kyauta?"

Lanti ta dube su. Gashinsu mai sheƙi, bakinsu ɗan ƙarami, ko tabo babu. Nata har yanzu bai gama warkewa ba.

"Gaskiya ne," in ji ta. "An taɓa yi."

"Me ake bukata mutum ya zo da shi?"

"Baki mai ƙarfi."

Suka yi godiya, suna ganin ta ba su shawara ne a kan yadda ake magana a gaban Hukuma. Lanti ta tashi ta hau reshen gabas, domin wata ya kusa tsayawa, kuma ciyawa ta fara bushewa.